Ina Za A Kai Sharar?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a garin Yelwa.





Sa'ad da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, abin da aka rubuta a ciki shi ne in yi magana a kan gudummawar ma'aikacin gwamnati ga al'ummarsa. Na duba wannan take na ga ya fi ƙarfina, domin a cikin zauren nan akwai waɗanda suka yi shekara 35 suna aiki har suka ajiye, ni kuwa ko rabin haka ban yi ba. Saboda haka na roƙe shi ya bar ni in tsaya a kan ɗan abin da na taɓa da hannuna, watau shara. Na ga 'yan ajinmu can baya sun fara dariya, kuma na san dalili. Duk wanda muka zauna ɗakin kwana ɗaya da shi ya san cewa ranar Asabar da safe, da zarar an buga ƙararrawar share-share, ni ne na farko da ciwon ciki ke kamawa. Malaminmu na kiwon lafiya, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya taɓa zaƙulo ni daga bayan ɗakin karatu ya ba ni lauje, ya ce in yanke ciyawar filin ƙwallo daga raga zuwa raga. Malam, yau ga ɗalibinka ya zo yi wa mutane wa'azin tsintsiya.

Ni dai ina aiki ne a wani ofishi a nan Yelwa. Ba sai na faɗi sunansa ba, domin laifin da zan ba da labarinsa nawa ne. A gaban ofishin akwai lambatu wanda ya gangara ya bi ta ƙarƙashin wani kwalbati, ya ratsa bayan gidaje, ya faɗa kogi kusa da inda jirage ke tsayawa. Damina uku da suka wuce aka aiko mana cewa manyan baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, aka kuwa ɗora mini kula da gyaran ofis. Kun dai san yadda muke yi. Muka fito da tsofaffin takardu, da kwalaye, da ledojin ruwa da suka shekara a bayan kabad, muka tara su a bakin ƙofa. Masinjanmu ya tambaye ni, "Ranka ya daɗe, ina za a kai?" Ina cikin sauri na ce masa, "Kai dai kawar da su daga gaban ido." Ya kuwa kawar. Ya juye su a bayan katanga, a bakin lambatu. Baƙi suka zo, suka yaba da tsabtar wurin, suka sa hannu a littafin baƙi, suka tafi.

Da daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbati ya toshe, ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga gidajen da ke gangare. Gidan da ya fi shan wahala na wata tsohuwa ne mai tuyar ƙosai, wadda kusan dukanmu a wurinta muke karya kumallo. Bangon ɗakinta ya zube, buhun wakenta ya jiƙe, jikokinta biyu da ke barci a ciki maƙwabta ne suka fid da su, Allah ya kiyaye. Da gari ya waye muka tafi yi mata jaje. Ina tsaye a tsakar gidan cikin taɓo, ina cewa, "Iya, Allah ya mayar da alheri," sai idona ya faɗa a kan wata takarda da ta manne a gindin murhu. Takardar ofishinmu ce, da hatiminmu, da sa hannuna a ƙasa. Na sa ƙafa na take ta don kada wani ya gani. Ba shararmu kaɗai ce ta toshe kwalbatin ba, ta unguwa duka tana ciki, amma tamu ce ta zo daga ƙarshe ta rufe ɗan abin da ya rage.

To, daga nan ne abin ya tsaya mini a rai. Na rubuta wa shugabanmu takarda ina ba da shawarar ma'aikata su fita su share daga ƙofar ofis har bakin kogi. Ya amince, aka kafa kwamiti, aka buɗe fayil, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa daga albashinsa. Ina jin kunyar gaya muku inda yawancin kuɗin ya tafi. Mun buga riguna da huluna masu sunan ofis, mun rubuta ƙyalle mai tsawo, mun ɗauko mai hoto. Abin da ya saura shi muka sayi tsintsiya da manjagara da shebur huɗu da shi. Wani ɗan kwangila da muke hulɗa da shi ya yi mana alkawarin tifa, muka ɗauki alkawarin tamkar motar ta riga ta iso.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe muka fito mu wajen talatin, cikin watan Agusta. Ba mu gaya wa kowa ba, ban da mai hoto. 'Yan kasuwa da 'yan jirgi suka zauna a kan benci suna kallonmu kamar masu wasan kwaikwayo. Wani yaro ya matso ya tambaye ni nawa ake biya a wuni, na ce kyauta ne, ya dube ni ya dubi rigata, ya yi gaba abinsa. Mun yi aiki, ba zan rage mana ba. Akawunmu, mutumin da ko fayil ba ya ɗauka da kansa, na gan shi cikin lambatu har gwiwa. Kafin azahar mun tara tsibi shida manya a gefen hanya, na ƙarshe a bakin ruwa sosai. Muka jira tifa har la'asar, ba ta zo ba. Aka ce direba ya tafi biki, daga baya aka ce babu man gas.

Wasu daga cikinmu suka ce a sa wuta. Aka cinna wa tsibi ɗaya, ga shi jiƙaƙƙe, ga leda da tsohuwar taya a ciki. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe rumfunan masu kifi, mata suka taso mana da faɗa, wata abokiyar aikinmu mai ciwon asma sai a mashin aka kai ta gida. Muka kashe wutar, muka bar sauran biyar ɗin a kan sai Litinin. Ranar Lahadi da dare aka sake yin ruwa. Litinin da na je dubawa, wurin fes, kamar an lashe. Watau sharar da take warwatse a unguwa, wadda da sai ta yi wata da watanni tana shiga kogi kaɗan-kaɗan, mu ne muka tattara ta wuri ɗaya muka miƙa wa kogi a dare guda. Hotunanmu kuwa sun yi kyau ƙwarai, har an manna su a allon sanarwa.

Wanda ya gaya mini gaskiya wani dattijo ne Basarke, tsohon masunci, wanda yanzu yake zama wurin masu gyaran injin jirgi. Ya kira ni ya nuna mini farfelar wani inji da leda da igiyar buhu suka nannaɗe ta, da wata koma da aka shanya wadda ledar cikinta ta fi kifin da ta kamo yawa. Ya ce, "Ɗana, ku ne masu rigunan nan?" Na ce mu ne, Baba. Ya ce, "Kun yi aiki, Allah ya biya ku. Amma da kun tambaye mu, da mun gaya muku cewa inda kuka tara na ƙarshen nan, nan da wata biyu jirgi ne zai riƙa wucewa ta kansa."

Wannan magana tasa kowane yaron bakin kogi ya san ta, ni ne da digirina na manta. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka ta da mutum wajen 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu aka sake musu matsuguni, bakin ruwanmu ya daina zama wuri ɗaya. Ruwa yana zuwa mana sau biyu a shekara. Akwai na daminarmu, mai laka, wanda ke cika tafki daga wajen Agusta zuwa Oktoba, sa'an nan akwai wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso mana da sanyin hunturu ya riga ya tace. Daga nan sai ruwa ya riƙa janyewa har farkon damina, ya bar fili mai faɗi wanda manoma ke bi da shuka. Saboda haka duk abin da mutum ya ajiye a wannan fili, ajiya ya ba kogi, ranar karɓa kawai ake jira.

Dattijon nan ya zaunar da ni ya ba ni labarin kainuwa, kuma iyayenmu da ke nan za su tuna. Ba kainuwarmu ta gargajiya ba, wata ce baƙuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta kuma shigo Tafkin Kainji ta Kogin Kwara wajen ƙarshen shekarun 1980. In ta sami yadda take so, cikin mako biyu sai ta ninka kanta. Ta rufe mashigai, ta hana jirage tsayawa, ta yayyaga taru, macizai suka sami wurin ɓuya. A shekarun 1990 aka yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don bunƙasa kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, kuma yaƙi da wannan ciyawa yana cikin ayyukansu. Har shinge aka gitta a kan kogi tsakanin Zamare da Rofiya wajen ƙarshen shekarun, don tare ta kafin ta shiga tafki. Amma abin da dattijon ya fi riƙewa shi ne yadda aka bi da mutane. Ya ce ta hannun sarakuna da masu gari da shugabannin masunta aka biyo, kowane ƙauye ya sa ranarsa, ya fito da jiragensa da mutanensa, a jawo ciyawar a fitar da ita tudu ta bushe. Ya ce, "Kainuwar da ka tsamo ka ajiye a gefen ruwa, ai dashe ka yi mata." Na dawo ofis na rubuta wannan magana a bangon fayil ɗinmu.

Bari in ɗan ratse, domin na san malamanmu suna cewa a ransu ai wannan ba sabon abu ba ne. Gaskiya ne. Kakanninmu sun yi zamani da duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai, in ya ga ƙazanta a kai mai gida gaban alƙali. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka ƙara masa babin tsabtace muhalli, wanda aka ƙaddamar a Kano. Daga nan ne Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali, aka hana zirga-zirga da safe, kowa ya share ƙofar gidansa. Mu lokacin ba a haife mu ba, labari muka ji. Abin da na lura da shi a jihohin da suka ci gaba da wannan al'ada shi ne, mutane sun koyi fito da shara daga lambatu su tara a bakin titi, iska da awaki da ruwan sama kuma su mayar da ita inda ta fito. Tsarin mulkinmu na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wannan haƙƙi ne da ya kamata mu riƙa nema da baki da takarda. Sai dai kafin takarda ta dawo da amsa, damina ba ta jira.

Kuma sharar 1985 daban take da ta yau. A da juji dukiya ne. Toka ce, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunsa tuwo ko goro a ciki. A ƙasar Kano tun zamanin da, jakuna kan shigo birni da itace su koma ƙauye da takin juji, har saye ake yi. Abin da ya ɓata juji leda ce, musamman ta ruwan sha da ta bazu daga shekarun 1990. Ba ta ruɓewa, manomi ba ya son ta a gonarsa, dabba kuwa in ta haɗiye ta sai ta zauna mata a ciki. Na zauna na yi lissafin ofishinmu kaɗai. Mu arba'in ne, a ce kowa ya sha leda huɗu a wuni, da zafin Yawuri ma ya fi haka. Leda 160 ke nan a rana, 800 a mako, wajen 40,000 a shekara, daga gini ɗaya mai ɗaki tara. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, a watan Yuni na 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar a ma'aikatunta. Mu dai ba mu jira doka ta iso mana ba, mun sayi manyan randuna biyu masu famfo, kowa ya kawo kofinsa daga gida. An yi gunaguni na mako biyu, wasu har yau a ɓoye suke sayen ledarsu, amma kwandon shararmu da kan cika kullum yanzu sai ya kwana uku.

Da shekara ta kewayo muka sake shiri, wannan karo ba riga ba hula. Wata guda cur muka yi muna yawon gaisuwa. Muka fara da mai unguwa, ya haɗa mu da Sarkin Kasuwa, da shugaban 'yan jirgi, da Sarkin Fawa, da limamin masallacin bakin kasuwa. Ban ɓoye musu komai ba, na ce mun yi bara mun ɓata, mun zo a koya mana. Jama'a, ban taɓa ganin abin da ke buɗe bakin dattijo kamar wannan kalma ba. Sarkin Fawa ya sa yaronsa ya kawo mana abin da aka ciro daga tumbin wata saniya da aka yanka da safen nan, dunƙulen leda da igiya wanda ya kusa kai girman kan mutum, ya ce shi ya sa kuke ganin dabba tana ci tana ramewa. Shugaban 'yan jirgi ya ce yaransa za su fito, amma kada mu kuskura mu sa rana ba da saninsu ba. Su suka zaɓi lokaci, watau ƙarshen rani kafin ruwan farko, sa'ad da lambatu yake bushe kogi kuma ya ja baya, washegarin ranar kasuwa, daga an sallame sallar asuba zuwa hantsi. Mu da muka saba fita ƙarfe goma sai muka ga ashe lokacin da muke farawa shi ne lokacin da ya kamata a ce an gama.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne tambayar nan da masinja ya yi mini tun farko, wadda na amsa masa da gatse. Ina za a kai? Muka yanke cewa ba za a ɗaga tsintsiya ba sai kowace irin shara ta sami mai karɓarta. Mai ruɓewa, watau ɓawon albasa da ƙaiƙayi da kashin dabbobi da dattin kifi, manoman albasa suka ce suna so in dai an tsince ledar, suka kuwa zo da amalankensu na shanu suka kwashe ba mu biya ko kwabo ba. Ƙarafa da gwangwani da robobi masu kauri, 'yan bola-jari suka auna suka biya, kuɗin muka sayi ruwa da ƙosai na masu aiki. Saura leda. Ita ce ba mu sami mai so ba. Muka cusa ta a buhuna, wani bawan Allah ya ba mu aron tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini a gonarsa, can kan tudu nesa da inda ruwa ke kaiwa, nesa da rijiya, muka zuba muka rufe da ƙasa. Na san binnewa ɓoyewa ce kawai, ledar tana nan yadda take, jikokinmu za su tarar da ita. Na dai fi son su tarar da ita a rami ɗaya da aka sani, da a ce tana cikin kogi ko cikin tumbin saniya.

Matan ofishinmu sun yi wani aiki da mu maza ba za mu iya ba. Sun shiga gidaje sun zauna da matan aure, suka dawo mana da bayanin da ya canza shirinmu. Matar gida ba ita ke zuba shara a lambatu ba. Tana tarawa ne ta ba yaro ko almajiri da ɗan abin sayen alewa ta ce ya kai bola, bolar kuwa tana da nisa, yaro da ƙaton kwando a ka, da ya sha kwana ya ga ba mai ganinsa sai ya juye. Saboda haka muka sayi duro uku aka raba kowanne biyu, muka ajiye rabi-rabi shida a bakin lunguna. Cikin mako guda biyu suka yi ƙafa. Wani maƙeri ya ba mu shawarar a huhhuda gindin sauran, domin duron da ba ya riƙe ruwa ba shi da amfani ga ɓarawo. Huɗun nan suna nan har yau.

Ranar aikin kanta ba ni da dogon labari a kanta. Mutanen unguwa sun ninka mu ma'aikata sau uku ko huɗu, kafin ƙarfe tara an gama an watse. Abu ɗaya ne ya tsorata mu. Wani saurayi ɗan jirgi ya sa hannu cikin kwata ya ci karo da allurai da fasassun kwalaben magani da wani ya zubar, suka yanke shi a tafin hannu. Muka kai shi asibiti aka wanke aka yi masa allurar rigakafi, ya warke. Tun daga ranar ba mai shiga lambatu sai da safar hannu mai kauri da takalmin roba, yara ƙanana kuwa ba ma barinsu su taɓa komai ban da ɗaukar ruwa. Duk wanda zai shirya irin wannan aiki a wurinsa, don Allah ya sayi waɗannan kafin ya sayi tsintsiya. Daminar da ta biyo baya kwalbatin bai toshe ba, haka ma ta bana.

Kada in sa ku ɗauka an gama. Abin da muka share bai kai tafiyar minti goma da ƙafa ba, a gari guda, cikin masarauta mai ƙananan hukumomi uku. Wani abokin aikina da aka mayar Wara, a ƙasar Ngaski, ya gwada a mashigar jiragensu, ya kira ni ya ce shara ba ita ce babbar damuwarsu ba. Ranar kasuwa jama'a na sauka daga ƙauyukan tsallake da tsibirai, babu isasshen makewayi, sai bakin ruwa, a nan kuma ake wanka da wanke-wanke da ɗiban na sha. Mu ma a nan haka abin yake. Kun tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda aka ba da rahoton ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,500, jiharmu kuma tana cikin waɗanda ta taɓa. Wannan tsintsiya ba ta maganinsa, kuma ya fi ƙarfin karo-karon ma'aikata arba'in. A Shanga kuwa har yanzu ban sami wanda zai fara ba, alhali can ne nake ganin zai fi sauƙi, tun da manoman da za su kwashe takin suna bakin ƙofa.

Wannan ne ya sa na karɓi gayyatar nan da hannu biyu. A cikin zauren nan akwai malaman asibiti, da shugabannin makarantu, da ma'aikatan ƙananan hukumomin nan uku, da 'yan kasuwa, da masu sarauta. Roƙona na farko ba ya cin ko sisi. Ranar Litinin in kun koma aiki, kowa ya zaga bayan katangar ofishinsa ko makarantarsa ko shagonsa, ya ga inda masinjansa ke kai abin da aka share, ya bi lambatun da ƙafa har ya ga gidan wa yake bi. Wanda yake Wara ko Shanga ko Birnin Yawuri kuma yana son farawa, ya same ni bayan taro, in ba shi kwafin fayil ɗinmu duka, har da shafukan shekarar da muka ɓata, in kuma raka shi gaisuwar farko in yana so.

Na biyun yana cin kuɗi, shi ya sa na fara yi wa Ma'aji magana tun jiya. Durunan nan huɗu suna cika duk kwana uku, kuma in ba a kwashe ba sun zama sabuwar bola. Yanzu haka wani magidanci ne mai baro yake kwashewa, muna biyansa daga aljihunmu, wata ya samu wata ya yi haƙuri. Ina roƙon ƙungiya ta duba ko kuɗin kalandar da muke bugawa kowace shekara, wadda galibinmu ba ma ko ratayewa, za a iya karkatar da shi bana a saya masa baro na biyu a kuma tsaya masa da albashin shekara guda. Lissafin yana hannun Ma'aji, wanda yake son gani ya duba. Maganar makewayi a bakin mashigai kuwa, ina roƙon shugaba ya sa ta cikin abubuwan da za a tattauna yau, a ga ko ƙungiya za ta rubuta wa hukumomin da abin ya shafa da sunanta, domin takardar da ta fito daga tsofaffin ɗaliban makaranta guda ta fi ta ƙaramin ma'aikaci ɗaya nauyi.

Wani zai tambaya ina labarin tsohuwa mai ƙosai. Ma'aikata sun yi karo-karo an ta da bangon ɗakinta tun a shekarar farko, amma sai da na yi shekara guda kafin na iya zuwa na gaya mata abin da na taka a gindin murhunta. Ta saurare ni har na gama, ta ce ai tun ranar jikanta ɗan aji biyar ya tsinci irinta guda uku ya karanta mata. A zaurenta muke ajiye manjagara da shebur yanzu, kuma ba mai ɗauka sai da izninta.

Za mu sake fita kafin ruwan farko in Allah ya kai mu, da zarar dattawan bakin kogi sun sa rana sakatare zai sanar da kowa. Malam, in lafiya ta bari, muna gayyatarka ka zo ka zauna a inuwa ka duba aikin, wannan karo ba sai ka zagaya bayan ɗakin karatu nemana ba.

 Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.